Ƙayar Cukurova da jujin Istanbul: ado ne ko jigon labari?

Malama Uwani
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda yawancinmu mun gama *İnce Memed*, littafin marubucin Turkiyya Yashar Kemal, ga abin da nake so mu tattauna. Sagir ya yi ƙorafi cewa Yashar Kemal yana ɓata shafuka wajen siffanta duwatsu da ciyayi kafin ya shiga labari, har ya ce shi tsallakewa yake yi. Ni kuwa a ganina, wanda ya tsallake waɗannan shafukan ya bar rabin littafin a baya. Ku duba yadda aka buɗe shi: an taso daga bakin Bahar Rum, an ratsa ƙasar laka ta Cukurova a kudancin Turkiyya, an bi fadamu, an hau tsaunukan Toros, sannan aka iso filin ƙaya inda ƙauyuka biyar ke hannun mutum ɗaya, Abdi Aga. Kafin ka san azzalumin sosai, ka riga ka ga ƙayar da ke yayyaga ƙafafun Memed, yaron da ke yi masa huɗa. Masu nazarin adabi ta fuskar muhalli tambaya ɗaya suke yi: ƙasa da ruwa da dabba a cikin labari ado ne kawai, ko suna da nasu matsayin? Ni na ce Yashar Kemal ya amsa wannan tun 1955, shekara 23 kafin William Rueckert ya raɗa wa nazarin suna a Amurka a 1978. Bismillah.

Sagir
Wa alaikumus salam Malama. Ban ce mutumin bai iya rubutu ba, amma kada mu ɗora masa rawanin da bai nema ba. Me aka yi wa ƙayar nan a ƙarshe? Wuta aka cinna mata! Memed ne da kansa ya sa manoma su ƙona filin kafin su sa garma, har abin ya zama biki duk shekara. Mai kishin muhalli ne zai mayar da ƙona daji alamar 'yanci? Littafin nan na rikicin talaka da mai ƙasa ne. Abdi Aga yana kwashe kashi biyu cikin uku na amfanin gona, shi ne maganar. Ƙaya kuwa ta tsaya ne a madadin zalunci, shi ke nan.

Malama Uwani
To Sagir, me ya sa ƙayar ta mamaye filin tun farko? Saboda manomin da ba shi da ikon gonarsa ba shi da ikon gyara ta. Ran da suka ji ƙasar ta zama tasu, ran nan suka fara tunanin yadda za a noma ta ba tare da jini ba. Lalacewar ƙasa da danniyar mutum a wajensa abu ɗaya ne. Kai ne kake raba su.

Baba Ɗanjuma
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba manazarcin adabi ba ne, malamin gona ne mai ritaya, don haka ku yi haƙuri da ni. Abin da ke damuna da masu wannan nazari shi ne yawan kukan fadama. Na ga ana ta yabon littattafan Yashar Kemal biyu na 1974 da 1975, waɗanda suka ba da labarin yadda aka busar da fadamar Akcasaz aka mayar da ita gonaki, ana cewa ya yi makokin tsuntsaye da kyauro da suka ɓace. To madalla. Amma wa ya ƙirga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kashe a gefen wannan fadamar? A da Cukurova ta yi ƙaurin suna da zazzaɓi. Mutanen tsauni tsoron saukowa suke yi da zafi, masu hali kuma guduwa suke yi sama. Mai zama a ofis mai sanyi yana iya son fadama. Uwar da ta binne 'ya'ya uku ba za ta so ta ba.

Ɗan Adana
Baba, Allah ya ƙara girma. Karatu ya kawo ni Adana, tsakiyar Cukurovar da ake magana, kuma maganarka tana kan hanya. Sai dai shi Yashar Kemal ya fi kowa sanin saurayen nan. A ƙauyen Hemite aka haife shi, gefen kogin Jeyhan. Ya yi ƙodago a gonakin auduga, ya tuƙa tarakta, ya yi gadin ruwa a gonakin shinkafa, ya kuma zauna yana rubuta wa talakawa takardun koke a garin Kadirli kafin ya shiga aiki a jaridar Cumhuriyet a 1951.

Ina roƙon Baba ya nemi *Teneke*, ƙaramin littafi ne, shi ma 1955 ya fito. Wani matashin di'o ne aka turo gunduma, sabon fita daga makaranta. Manyan masu noman shinkafa suka tarbe shi da karamci, suka lallaɓa shi ya sa hannu a takardar izinin noma ba tare da ya duba doka ba. Dokar kuwa ta hana a yi shinkafa kusa da gidajen mutane, saboda sauro. Da takarda ta shiga hannu, sai aka saki ruwa, ya malale ƙauyen Sazlıdere. Gidaje suka koma taɓo, sauro ya yi gari, yara suka kwanta. Mutanen ƙauyen suka taso jikinsu duk laka, wata tsohuwa Zeyno a gaba, suka tsaya a ƙofar ofis. Di'on ya farga, ya tsayar da ruwan, sai masu kuɗin suka bi ta Ankara aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can gabas, aka raka shi ana kaɗa masa gwangwanaye don wulaƙanci.

Ka ga a nan fadamar ba ta Allah ba ce, mutum ne ya ƙirƙire ta don riba. Wanda ya busar da Akcasaz da wanda ya jiƙa Sazlıdere duk ajinsu ɗaya. Inda busarwa ke kawo kuɗi su busar, inda jiƙawa ke kawo kuɗi su jiƙa, kuma a duka biyun ba a tambayi mazauna wurin ba.

Baba Ɗanjuma
To wannan magana ce. Amma ka lura, kai ma kukan mutane ka kawo mini, ba kukan zalɓe ba.

Sagir
Yauwa Baba! Abin da nake faɗa ke nan. Duk inda aka juya, mutum ne a tsakiya.

Jauro
Ku ba ni dama in shigo da dabbobi, tunda an manta da mu kamar kullum. Akwai littafin Yashar Kemal na 1971, *Binboğalar Efsanesi*, a kan makiyayan Yoruk. Mutane ne masu baƙaƙen tantuna da raƙuma da tumaki. Da zafi su hau tsaunukan Toros, da sanyi su sauko Cukurova. Haka suke tun kaka da kakanni. A 1865 daular Usmaniyya ta tura runduna don ta zaunar da ƙabilun yankin da ƙarfi, shi ne zamanin da mawaƙi Dadaloglu ya yi waƙoƙin tawaye. Waɗanda suka rage suna yawo, sai tarakta ta ƙarasa su. Bayan 1948, da tallafin Amurka ya shigo da taraktoci, duk inda garma za ta iya shiga an nome shi. Ayarin da ke cikin littafin ya sauko bai sami inda zai kafa tanti ba. Duk inda suka sauka, wani ya fito da takarda ya ce nan nasa ne, a biya ko a tashi.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na tsohon maƙeri Haydar. Shekara 30 yana ƙera takobi ɗaya, da imanin cewa in ya kai wa wani babba zai ba su mashekarin hunturu, kamar yadda sarakunan da suke yi. Ya kai Adana, ya kai har Ankara wurin Ismet Pasha, wanda ya taɓa shugabantar Turkiyya. Aka yaba takobin, aka miƙo masa abinsa.

Sagir, ka ce mutum ne a tsakiya. To wane mutum? Bayoruke ba tare da tsauni da kwari da hanyar da ke tsakaninsu ba, ba Bayoruke ba ne. In ka kashe hanyar ka kashe al'ummar, ko da ba ka taɓa kowa da hannu ba. Duk wanda ya ga yadda gonaki suka cinye burtali a wajenmu ba ya bukatar sharhi.

Maman Iman
Jauro ka kusa sa ni hawaye da maƙerin nan. Amma ina da ƙorafi a kan dukkanku. Tun ɗazu tsauni, fadama, tanti. Ashe muhalli sai a ƙauye? Ni a wurina littafin da ya fi duk waɗannan ƙarfi a wannan fanni babu bishiyar kirki ko ɗaya a cikinsa. Latife Tekin ce ta rubuta shi, *Berci Kristin Çöp Masalları*, 1984. 'Yan ƙauye ne da suka kwararo birni, suka kakkafa bukkoki cikin dare a kan tudun da motoci ke juye sharar gari, gefen masana'antu. Da safe a zo a rushe, da dare su sake ginawa da gwangwani da leda da kwali da suka tsinto a jujin. Iska ta ɗauke rufi, wani lokaci har da jariri a cikin shimfiɗarsa. Wata masana'anta ta riƙa zubo musu wani farin abu daga sama, suka ɗauka dusar ƙanƙara ce. Wata ta sako ruwan zafi mai shuɗi-shuɗi, mata suka yi murna sun sami ruwan wanki da wanka, sai fata ta fara saɓulewa. Hukuma kuma ta raɗa wa unguwar suna Tudun Furanni.

Abin da ya burge ni, ba ta tsaya tana kukan wata tsohuwar aljanna da aka rasa ba. Mutanenta sun ɗauki juji a matsayin dajinsu. Suna yi masa waƙa, suna ƙirƙiro camfi da magani a kansa, suna faɗa a kan wa ke da ikon tsintar roba da kwalba, kamar yadda kakanninsu suka yi faɗa a kan gona. Kuma shekara 9 bayan fitowar littafin, ran 28 ga Afrilu 1993, iskar gas da ta taru a jujin Umraniye a Istanbul ta fashe, shara ta gangaro ta binne gidaje, mutum 39 suka rasu.

Malama Uwani
Hajiya kin kawo mu inda nazarin ya fi amfani. A farkonsa a Amurka, yawanci rubutun daji da kogi da kaɗaici ake bi. Daga baya aka gane cewa gubar masana'anta da unguwar talakawa su ma muhalli ne. Rob Nixon ya yi littafi a 2011 a kan irin cutarwar da ke kisa sannu a hankali, wadda ba ta yin ƙarar da za ta shiga labarai. Ruwan shuɗin nan shi ne misalinta. A Turkiyya kuwa Serpil Oppermann da Ufuk Ozdag na cikin waɗanda suka kafa wannan nazari a jami'o'i, kuma a 2012 Oppermann ta shirya littafin maƙalu a kansa da harshen Turkanci. Da suka waiwaya cikin adabinsu, sai suka tarar kayan aiki na jiransu tun tuni.

Sagir
Ko kuma suka tarar da abin da suka je nema. Malama, wannan ita ce matsalata da kowane ra'i: in ka riƙe shi, duk littafin da ka buɗe sai ka gan shi a ciki. Mu gwada da Orhan Pamuk. *Kar*, 2002, dusar ƙanƙara daga farko har ƙarshe. Ta toshe hanyoyin garin Kars kwana uku. Za ki ce littafin muhalli ne? Dusar nan dabara ce ta rufe gari don a yi juyin mulki a cikinsa ba mai shigowa, sannan ta ba mawaƙin labarin abin da zai jera waƙoƙinsa a kai. Ba ruwan Pamuk da ita a matsayinta na ruwan da manomin Kars ke jira ya narke.

Malama Uwani
A kan *Kar* ba ni da ja, kuma ai nazarin ne ya ba ka damar faɗin haka. Aikinsa ba raba lambar yabo ba ne. Yana iya duba littafi ya ce a nan an yi aron dusar ƙanƙara ne don a faɗi wani abu dabam. Haka zai duba *Yaban* na Yakup Kadri, 1932, ya nuna yadda ɗan bokon Istanbul ya kalli filin Anadolu, wato karkarar Turkiyya, a matsayin busasshiyar ƙasa mai ƙiyayya, ya kuma shafa wa mutanenta wannan kallon. Daga wannan kallon zuwa cewa "a gyara ƙasar da mutanenta ko suna so ko ba sa so" ba nisa.

Amma shi Pamuk ɗin, a *Kara Kitap* na 1990 akwai babin da ya ƙaddara ruwan Bosforus, mashigin da ya ratsa Istanbul, ya janye, abin da birnin ya daɗe yana jefawa a ciki ya fito fili cikin baƙin taɓo. Wannan fa?

Sagir
Wannan tarihin birni yake tonowa, ba lafiyar ruwa ba.

Ɗan Adana
Yaya Sagir, to ga wanda ba za ka iya kaucewa ba. *Deniz Küstü*, 1978, wato teku ta yi fushi. Yashar Kemal ya bar Cukurova ya koma bakin tekun Marmara, gefen Istanbul. Akwai masunci Selim da ya shaƙu da wani kifin dolfin har mutane na yi masa tsegumi. Sai man dolfin ya yi kuɗi, masunta suka bi su da bindiga, ana dafa su a manyan tukwane a bakin ruwa. Selim ya bi su yana roƙo, yana cewa dolfin ne ke koro ƙananan kifaye zuwa gaɓa, in aka ƙarar da su teku za ta juya wa kowa baya. Aka mayar da shi mahaukaci. A nan ba za ka ce dolfin alama ce ta talaka ba, domin talakawan ne ke harbin. Dabbar ita kanta ake wa kuka, kuma an bayyana aikinta a cikin ruwa. Turkiyya ba ta hana farautar dolfin ba sai 1983, bayan littafin da shekara 5. A 2021 kuma duk mun ga hotunan Marmara lulluɓe da wani yauƙi mai kauri, saboda ƙazantar birni da ɗumamar ruwa, masunta sun kasa jefa taru.

Kuma Yashar Kemal, mutumin da ya zaga dazuzzukan da ke ƙonewa ya rubuta rahoton jarida a kansu tun 1955, da wuya a ce bai san abin da yake yi ba.

Maman Iman
A shekarar 1978 ɗin dai ya fitar da na tsuntsaye, *Kuşlar da Gitti*. Istanbul na da tsohuwar al'ada: yara su kama ƙananan tsuntsaye, su kai ƙofar masallaci ko coci ko wurin ibadar Yahudawa, mutum ya saya ya saki don neman lada. Yaran labarin sun cika kejinansu a filin Florya, suka shiga gari, ba mai saye. Wasu ma zagi suka bi su da shi. Ƙarshenta yunwa ta sa suka cinye tsuntsayen.

Baba Ɗanjuma
Hajiya, tsaya. Wannan al'adar ita kanta ai ɓarna ce. Ba don mai saye ba, wa zai kafa tarko? Ka kama tsuntsu ka wahalar da shi a keji don wani ya biya ya sake shi ya ce ya yi alheri. Nawa ne suke mutuwa kafin a kai kasuwa? In marubucin yana kukan mutuwar wannan al'ada, to tausayin mutanen da yake kewa, ba lafiyar tsuntsu ba.

Malama Uwani
Baba, wallahi wannan tambayar taka ita ce irin wadda mai nazarin kirki zai yi, ga shi kana cewa kai ba manazarci ba ne. Haka ne, akwai inda Yashar Kemal yake ƙawata jiya fiye da kima. Wanda ya fi shi tsauri a kan tsuntsaye shi ne Sait Faik, mai gajerun labarai, mazaunin tsibirin Burgaz. A *Son Kuşlar*, 1952, akwai wani attajiri mai fara'a, Konstantin Efendi, da ke zuwa tsibirin da kaka yana ɗana wa tsuntsaye danƙo, ba don yunwa ba, don daɗin baki kawai. A cikin labarin dai ana sassaƙe ciyawar gefen hanya ana kai wa lambun wani mai kuɗi. Marubucin ya rufe da gargaɗi ga yara cewa su abin zai fi shafa, domin manya sun riga sun ga tsuntsaye da kore. Ba aga, ba jandarma, ba wata al'adar da ake kewa. Mutumin kirki ne a idon jama'a yake ƙarar da abu don nishaɗi.

Jauro
Irin wannan ya fi Abdi Aga wuyar kamawa, tunda ba wanda zai shiga daji ya yi masa tawaye.

Sagir
Na karɓi dolfin da tsuntsayen Sait Faik. Ƙaya dai tana nan inda na ajiye ta. Ga tambayata ta ƙarshe, Malama. Kuna magana kamar rubuta kyan wuri kare shi ne. Jevat Shakir fa, wanda ake kira Masuncin Halikarnas? A 1925 aka kore shi zuwa Bodrum a matsayin horo, lokacin ƙaramin gari ne na masunta da masu nutso suna ciro soso. Ya ƙaunaci wurin, ya dasa itatuwa, ya cika littattafai da teku da jiragen ruwa. Ya riƙa ɗaukar abokansa marubuta yawon kwale-kwale a gaɓar, yawon da ya zama sananne da sunan shuɗiyar tafiya. Yau Bodrum otal ne a kan otal, tuddai sun cika da fararen gidajen hutu, ruwan sha na ƙaranci da zafi. Alƙalaminsa na cikin abin da ya kira jama'ar nan. A wane shafi nazarinku ke rubuta wannan?

Malama Uwani
A shafin da ya dace, Sagir, kuma ba na kare shi. Siffanta wuri da kyau talla ce, ko marubuci ya nufa ko bai nufa ba. Shi ya sa na fi amincewa da rubutun da ya haɗa kyan wuri da tambayar wa ke da shi, wa ke shan ruwansa, wa aka kora. Ba wanda ya karanta *Teneke* ya ce bari in je in gina gidan hutu a Sazlıdere.

Ɗan Adana
Ƙauyen Hemite dai yanzu akwai mutum-mutumin Memed a can, mutane na zuwa ɗaukar hoto.

Baba Ɗanjuma
Ɗana, in ka samu sarari ka tambayar mini tsofaffin wajen Kadirli, waɗanda suka yi zamani da fadamar, ko akwai mai son a dawo da ita. Amsarsu nake so, ba ta 'yan jami'a ba. Malama, a sa mana *Teneke* a wata mai zuwa, na ji an ce gajere ne, idona ba ya jure dogon karatu yanzu.